Ƙofar da Take Buɗe Mini Ba Ta Buɗe wa Auta

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki yi mini irin ta 'yan zamani, waɗanda da an kawo musu maganar yaro sai su ce laifin uwa ne. Sati biyu ke nan wani abu yana cin raina. Ko abokan aikina ban faɗa wa ba, don na san dariya za su yi. Ni ba mace ce mai kai maganar gidanta waje ba, amma tura ta kai bango.

Shekaruna arba'in da bakwai. Na gama sakandare, na koyi buga tafireta, yau shekara ashirin da ɗaya ina aiki a ɗakin kati na wani asibiti. A wurinmu doka ɗaya ce: ba kati, ba ganin likita, ko kai ɗan wane ne. Haka kuma na riƙe gidana, ban taɓa jin kunyar haka ba. Baban 'ya'yana direban babbar mota ne, yakan yi kwana goma ba ya gari, saboda haka tarbiyya a wuyana take. 'Ya'yana biyu, duka mata. Babbar tana da ashirin da uku, tana gyaran kwamfuta a wani shago, 'yan gida suna ce mata Injiniya. Auta kuma tana da sha ɗaya.

Bara Injiniya ta shigo da wata tsohuwar kwamfuta da aka yar a shagonsu, ta gyara, ta tura ta ƙarƙashin teburin falo. Tun ranar take kukanta kamar firji, ba a kashe ta. Ta ce sunanta saba, kuma a cikinta akwai wata duniya ta wasa inda yara ke shiga daga wayoyinsu su yi gini da tubala, su yi noma, su haƙa ƙasa. Masu shiga su ne Auta da 'ya'yan ƙanwar babansu da na maƙwabta, su goma sha huɗu. Da farko na ƙi. Na ce ba za a mayar mini da falo filin wasa ba, ga karatu yana jiran mutane. Babansu ya sa baki, ya ce gara su yi a gaban idonmu da su yi da baƙin da ba mu sani ba. Na ce to, amma sai ina ciki. Sai Injiniya ta buɗe mini suna, ta sa ni admin, kamar dai na guruf ɗin waya.

A nan ne ta nuna mini wata 'yar ƙarin manhaja da ta ɗora wa wasan, wadda aikinta ba da aike. Za a ce wa yaro je ka yi kaza, in ka gama ga ladanka. Kowane aike da fayil ɗinsa, kuma a ciki akwai wurin rubuta sharaɗi: ba za ka fara wannan ba sai ka gama wancan, ko sai kana riƙe da abu kaza. Har da wurin rubuta saƙon da zai fito wa wanda bai cika sharaɗin ba. Anti, ina ganin wannan na ce ashe akwai mai hankali a cikin masu ƙera wasannin nan. Aike da sharaɗi ai su ne tarbiyya. Kwana uku na iya, don yatsuna ba su manta tafireta ba.

Ba yabon kai ba, na gyara wurin nan. Na sa ba a sare bishiya ɗaya sai an dasa uku. Ba a shiga kogon zinariya sai an raba abinci da wani. Wanda ya rushe ginin ɗan'uwansa ba ya karɓar sabon aike sai ya mayar da shi yadda yake. Maƙwabciyata mai shagon ɗinki da kanta ta zo ta yi mini godiya, ta ce ɗanta mai hannun jarirai ya fara ba ƙannensa abu ba tare da an yi kokawa ba. Wata takwas ina wannan aiki bayan na dawo daga asibiti a gajiye, ba wanda ya biya ni, ba wanda ya ce sannu.

To, ga inda abin ya faru. Ana saura sati a yi hutu, Injiniya ta buɗe sabon tsibiri a tsakiyar ruwa, ta sa jirgi mai kai mutane. Yaran suka ƙulla za su gina gari a can cikin hutun, kowa da unguwarsa. Auta ba ta da zance sai wannan, har zane ta yi a bayan littafinta. Ana haka sakamako ya fito, ta ci talatin da takwas cikin ɗari a lissafi. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, gaggawa ce ke cin ta, ba ta iya zama a kan abu ɗaya ta gama. Na ce bari in koya mata haƙuri ta hanyar da take so. Na zauna na rubuta sabon aike domin ita kaɗai: ba za ta hau jirgi ba sai ta haƙa rijiya a gonar ƙauye ta shayar da kunya ashirin. Rijiya kuwa ba ta haƙuwa da hannu, saboda haka na sa ba za a fara aiken ba sai tana riƙe da digar ƙarfe daga wurin maƙerin wasan. Kuma da yake na san halin 'ya'yan goggonta, za su miƙa mata tasu ta bayan fage, sai na ƙara cewa ta aro ba ta ƙirguwa, sai wadda maƙeri ya ba ta da hannunsa. Aikin awa biyu ne ga mai niyya. A wurin saƙo na rubuta: «Mai haƙuri yakan dafa dutse. Koma ki gama aikinki.» Ki gaya mini, akwai zalunci a nan?

Washegari shagonsu Injiniya suka tura ta wani gari haɗa kwamfutocin wata makaranta, na sati biyu. Da yamma Auta ta zo ta ce mini rijiya ta ƙi buɗuwa, kuma maƙeri ba ya shagonsa. Na ce maƙerin tubala ƙafa ya yi? Na ɗauki laftof na shiga da sunana, na je gonar, na danna, nan take aiken ya buɗe. Na nuna mata. Ta tsaya tana kallo baki buɗe. Bayan kwana biyu ta dawo da sabon zance, wai 'yan'uwanta sun ga maƙerin a tsibiri. Na ce lallai yarinya ta yi wayo. Wato in buɗe mata jirgi ta je nemo diga, daga nan kuma sai mu gan ta. Na sake gwadawa a gabanta, ya sake buɗewa. Sau uku na yi haka cikin kwanakin nan. Gaskiya ban je shagon maƙerin na duba ba. Me zai kai ni, ga abu yana buɗewa a gaban idona? Ta nemi ta kira yayarta a waya, na hana, don a gidana ba a tsallake uwa a kai ƙara.

Kwana tara ana haka. Kowa ya haye, ita kaɗai a bakin ruwa, har 'ya'yan goggonta suka sa mata suna Maigadin Gaɓa. Na ji, ban ji daɗi ba, amma na daure, don wanda bai sha zafin rana ba ba ya sanin daɗin inuwa. A rana ta tara ta tsaya a ƙofar kicin ta rantse mini da Allah ba ƙarya take ba. Nan raina ya ɓaci. Lalaci na iya haƙura da shi, amma rantsuwa a kan ƙarya? Na ƙwace mata tablet ɗin da take shiga wasan da shi. Na ba ta sabon littafi na ce ta rubuta sau ɗari: «Ba zan ƙara yi wa mahaifiyata ƙarya ba.» Ta rubuta, tana yi hawaye na ɗiga a kan takarda. Babanta ya kira na gaya masa Auta ta fara ƙarya, ya yi mata faɗa a waya. Goggonta ma na gaya mata, don ta ja wa nata kunne.

Ran Asabar da rana Injiniya ta dawo, ta tarar da goggonsu da yaranta uku a falo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ga littafin a kan tebur. Ta karanta, ta tambayi Auta, ta buɗe fayil ɗin. Ko minti biyar ba ta yi ba ta ɗago. Anti, a nan ne aka ci mini mutunci. Maimakon ta ja ni ɗaki, sai ta shiga da sunan Auta, ta ajiye laftof a cinyata a gaban kowa, ta ce bismillah, Mama, haƙa mana rijiyar mu gani. Na danna, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na tafi shagon maƙeri, wayam. Na tafi bakin jirgi, sai ga saƙon da na rubuta da hannuna ya fito mini, wai in koma in gama aikina. Goggonsu ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce yau mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi. Yaranta suna ta ƙunshe baki.

Ashe shi admin ba sharaɗin da ke kama shi. Duk ƙofar da ya taɓa buɗewa take, ko da diga ko babu. Ashe kuma ita Injiniya da ta buɗe tsibirin ta ɗauke maƙerin ta mayar da shi can, ba ta gaya mini ba. Sai ya zama jirgi yana jiran rijiya, rijiya tana jiran diga, diga tana bayan jirgi. Ta ce wai tun ranar farko ta faɗa mini admin ba ya gwaji da sunansa. Ni dai ban tuna ba, kuma ko ta faɗa, a cikin surutun da take yi kamar rediyo wa zai tsinci wannan? Maƙerin fa? Wa ya ɗauke shi? Ni?

Ba ta tsaya nan ba. A gaban goggonsu ta cire ni daga admin. Ta ce ba za ta mayar da ni ba sai na ba Auta haƙuri da bakina, na kuma yage littafin. Anti, kin ji! 'Yar da na goya, na yi wa wanki, na biya wa kuɗin koyon wannan aikin da take taƙama da shi, ita ce yau take gindaya mini doka a falona, da lantarkin gidana. Mu da muka taso, uwa ko ta taka ka, kai ne za ka ce sannu. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, kuma ban lalace ba. In na fara durƙusa wa 'yar shekara sha ɗaya yau, gobe da wane baki zan tsawata mata?

Kuma ba wai na yi shiru ba ne. Na mayar mata da tablet ɗinta. Na sayo mata takalmin da ta daɗe tana nuna mini a hanyar makaranta. Na dafa mata abin da ta fi so har sau biyu. Duk mai hankali ya san abin da uwa take nufi da wannan. Ta karɓa, ta ce ta gode, shi ke nan. Yayarta ta buɗe mata jirgin, amma har yau ba ta shiga wasan ba. Shekaranjiya na ga kumatunta ya kumbura, ashe kwana uku haƙori yana ciwo ba ta faɗa ba. Na ce don me? Ta sunkuyar da kai ta ce kada a ce ƙarya take don ta ƙi wanke-wanke. Ba zan ɓoye miki ba, wannan maganar ta soke ni. Amma ai duk zugar yayarta ce.

Abin da nake so ki gaya mini: yaya zan yi in nuna wa babbar nan iyakarta, ta mayar mini da matsayina, ba tare da na zubar da girmana ba? Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Uwar da aka rufe wa ƙofa a gidanta

*

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban yi dariya ba. Macen da za ta dawo daga aiki a gajiye ta zauna ta koyi rubuta sharuɗɗan wasa don kada 'yarta ta yi yawo inda ba ta gani, ba sakarar uwa ba ce. Iyaye da yawa miƙa waya suke su juya baya. Ki riƙe wannan, naki ne.

Kina da gaskiya a kan babbar 'yarki ta fuska biyu. Ta ɗauke maƙeri ba ta sanar da abokiyar aikinta ba, wannan sakaci ne, kuma da shi aka ƙulla rabin matsalar. Sannan ta gyara ki a gaban baƙi, alhali ɗaki yana nan. Gaskiya ba ta hana ladabi. Amma ki tuna abin da ta shigo ta tarar: shafi bayan shafi na ƙanwarta tana amsa laifin da ba ta yi ba. Zafin wannan ne ya kwashe ta. Ba ta kyauta ba, amma ba ƙiyayya ba ce.

Sai dai kin tambaye ni abin da ba shi ne ciwon ba. Kin tambayi yadda za ki koma admin. Ni kuwa layin da ya tsayar da ni shi ne na haƙorin. Yarinya ta kwana uku da ciwo ta gwammace ta daure da ta zo wurinki. Wannan ba zugar kowa ba ce. Kwana tara ta faɗi gaskiya, an ce ƙarya ce, an sa ta rubuta da hannunta cewa ita maƙaryaciya ce, an gaya wa babanta da goggonta. Darasin da ta ɗauka shi ne faɗa miki gaskiya ba ya da amfani. Yau haƙori ne. Nan da shekara uku ko huɗu abin da za ta ɓoye zai fi haƙori girma, kuma lokacin ne za ki fi bukatar ta zo da gudu ta faɗa miki.

Ba ki yi da mugunta ba. Kin gwada ƙofa da makullin mai gida, kowa zai iya wannan kuskuren. Inda kika zame shi ne da kika yarda da na'ura sau uku, ba ki yarda da 'yarki ko sau ɗaya ba, alhali taku kaɗan ne zuwa shagon maƙerin.

Takalmi da girki yare ne da manya suka iya fassarawa. Yaro yana jin su a matsayin an huce, an yafe masa. Ita kuwa Auta ba yafiya take jira ba, don ba ta yi laifi ba. Jira take a ce an san gaskiya ta faɗa.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki kai ta a duba haƙorin, in ba a riga an kai ta ba. A hanyar dawowa, ko a ɗaki ku biyu, ki ce mata kin gano ba ƙarya ta yi ba, ke ce kika yi kuskure, kuma ba ki kyauta ba da kika sa ta rubutun nan. Ki tsaya nan. Kada ki haɗa da «amma», kada ki kawo lissafi, kada ki kawo yayarta. Ba durƙuso ba ne, zama ne kusa da 'yarki na minti biyu. Ki yage shafukan a gabanta. Sannan, tunda a kunnen babanta da goggonta aka ɓata ta, a kunnensu za a wanke ta, tana ji. Kina tsoron bakinki zai mutu. Ni na ga akasin haka: uwar da ta taɓa cewa «na yi kuskure», ranar da ta ce «kin yi kuskure» an fi jin ta, don an san ba son girma ke magana ba.

Ki yi wannan ba don an gindaya miki ba, kuma kada ki jira ya zama ciniki. Bayan kin gama da Auta, ki kira babbar ku kaɗai. Ki gaya mata kin gyara naki, saura nata: ba a tsayar da uwa a gaban baƙi, kuma akwai hannunta a batun maƙerin. Kada ki roƙi admin. Ina kyautata zaton da kanta za ta mayar.

In kun koma aiki tare, ta buɗe miki suna na biyu irin na yara, wanda ba shi da wani iko, duk sabon aike ki bi shi da wannan sunan daga farko har ƙarshe kafin ki sake shi. Kowane sharaɗi kika rubuta, ki tambayi kanki a ina ake samun abin, kuma ko mai nema zai iya isa can a halin da yake. Ku ajiye ɗan littafi kusa da sabar, duk wadda ta matsar da wani abu ta rubuta. Saƙon ƙin buɗewa kuma ya riƙa faɗin abin da ya rage, ba wa'azi kaɗai ba. Lissafin Auta a yi maganinsa a kan tebur da fensir, ke da ita.

Wataƙila ranar da kika yi wa Auta maganar ta yi kuka, ko ta tashi ta fita. Kada ki matsa mata ta amsa. Yara sukan ɗauki kwanaki suna gwada ko maganar ta zauna. Ki bar ta ta gwada, ta same ki a inda kika ce kina.

Allah ya ba Auta lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya dawo muku da hira a gidan nan.

Anti